Lambar 7/50 a gindin hoto: Abin da ya kamata ka sani kafin ka sayi hoton bango, ko ka sayar da naka

Daga Babban Mutum zuwa Baure, daga Zango zuwa cikin birnin Daura, da wuya ka shiga shagon aski, ko na tela, ko rumfar mai cajin waya, ka tarar da bango ba komai. Ko dai kalandar wani ɗan siyasa ce, ko hoton Ka'aba da Masallacin Madina, ko na wani shehi, ko fostar Ronaldo, ko ta jaruman Kannywood da rana ta riga ta koɗar. Mu mutane ne masu son ado a bango, wannan ba gardama. Amma ga tambaya: cikin hotunan nan duka, guda nawa ne za ka iya faɗin sunan wanda ya zana su ko ya ɗauke su?

Kusan babu. An buga dubbai, an watsa kasuwa, sunan mai aikin ya ɓace tun a maɗaba'a.

Yanzu kuma sai ga wani salo ya shigo mana ta Instagram da TikTok da sitatus na WhatsApp. Za ka ga an ɗora zane mai kyau cikin firam, an ce guda 50 kacal aka buga a duk duniya, kowanne da lambarsa da sa hannun mai zanen, kuma kuɗinsa ya ninka na fostar kasuwa sau da yawa. Wasu na ganin sabuwar hanyar wankin aljihu ce kawai. Wasu kuma na ganin jari ne. Gaskiyar magana, kowanne cikin biyun na iya faruwa, kuma abin da ke raba su ɗaya ne: amanar wanda ya sa hannun.

Me lambar take nufi?

Bari mu kira shi ƙidayayyen bugu. Mai zane ne ke yanke shawara tun farko cewa wannan aikin nasa kwafi kaza zai buga, daga nan ya rufe. Idan ya ce 50, to kowane kwafi zai rubuta masa lamba a ƙasa ta hagu: 1/50, 2/50, har zuwa 50/50. Lambar sama ta kwafin da ke hannunka ce, ta ƙasa kuma jimillar duk abin da aka buga. Sunan zanen yakan zo a tsakiya, sa hannu da shekara ta dama. Yawanci da fensir ake yi, domin fensir ba ya koɗewa kamar tawadar biro, kuma inji ba ya iya kwaikwayonsa cikin sauƙi. Wannan al'ada ta kafu ne a Turai a ƙarshen ƙarni na 19.

Wani lokaci maimakon lamba za ka ga haruffan A/P. Waɗannan su ne 'yan kwafin gwaji da mai zane ke ware wa kansa, kuma a bisa al'ada ba su cika wuce kashi 10 cikin 100 na jimillar ba. A wurin masu bugu da farantin ƙarfe ko na katako, idan adadi ya cika sukan karce farantin ko su huda shi, don kada wani ya zo daga baya ya ƙara bugawa.

Wato dai lambar nan alƙawari ce. Mai zane yana ce maka: "Na yi maka alƙawarin babu na 51." Takarda da tawada ba su da wata tsada. Alƙawarin nan kake biya.

'Yan uwa mata za su fi saurin ganewa. Kafin ki biya kuɗin atamfa babba, ai sai kin duba gefenta, kin karanta rubutu da lambar da ke jiki, don kada a haɗa ki da jabu a farashin orijina. To haka abin yake, sai dai a nan mutum ɗaya ne ke tsaya wa kayan da sunansa.

Ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Kada wani ya ce maka tara kayan ado al'adar Turawa ce. Tambayi kakarka labarin jere. Tun daga zamanin ƙorai masu zane, zuwa tasoshi, zuwa kwanuka da langa-langa, zuwa tangaran, matan ƙasar Hausa suna jera kaya a ɗaki don ado, kuma suna kallonsu a matsayin dukiyar da za a iya ɗagawa ranar da ta ɓaci. Sun san wane samfuri ne ya yi ƙaranci a kasuwa, sun san wanda ya cika gari har darajarsa ta faɗi. Duk ilimin masu tara zane-zane na Landan bai wuce wannan ba.

Ga kuma allon zayyana da ake yi wa wanda ya sauke Alƙur'ani. Da hannu ake zana kowanne, ba ka samun biyu iri ɗaya sak, kuma mutane sun san gwanin da ya fi iyawa a unguwarsu. Haka marubutan Alƙur'ani na tsangaya. Marigayi Sharif Bala Gabari na Kano ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa sau da dama, aka ɗauki rubutun nasa aka buga a inji, ya bazu a makarantun allo. Almajiri na iya sayen bugun inji da kuɗi kaɗan, amma wanda ya mallaki rubutun hannun ainihi ya san abin da yake riƙe da shi daban ne.

Ɗauki naira 20 ka juya bayanta. Matar nan da ke ginin tukunya ita ce Ladi Kwali. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen nan Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. Tukwanen cibiyar suna ɗauke da hatimi, nata kuma da haruffan LK. Ta rasu a 1984, amma har gobe haruffan nan biyu su ne abin da masu saye a gidajen gwanjo ke fara dubawa. Dubban mata sun gina tukwane masu kyau a ƙasar nan, sunayensu sun tafi da su saboda babu alama a jikin aikin.

Daga Zariya zuwa Landan

Idan ana maganar ƙidayayyen bugu a Najeriya, sunan da ake fara ambata shi ne Bruce Onobrakpeya. An haife shi a 1932 a yankin da yanzu yake Jihar Delta, amma a Arewa ya yi karatun zane. Ya zo Zariya a 1957, kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Shi da abokansa irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo ne suka yi ƙungiyar ɗaliban zane ta Zariya a 1958, wadda ta dage cewa ɗan Afirka ya zana abin da ke cikin al'adarsa maimakon kwaikwayon Turawa ido rufe.

Onobrakpeya ya zaɓi bugu a matsayin babbar sana'arsa. Yakan sassaƙa zanen a jikin faranti, ya shafa tawada, ya danna a takarda ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa lamba da hannu. Amfanin haka shi ne malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci na iya mallakar aikinsa, ba sai attajiri kaɗai ba. A shekarun 1980 ya yi jerin ayyuka kan mutanen Sahel da kwararowar hamada, wato rayuwar da mu 'yan bakin iyaka muka fi kowa sani. Tun 1998 kuma yake shirya taron horar da masu zane a garinsu Agbarha-Otor, wanda aka raɗa wa sunan hunturu.

Sai labarin Tutu, zanen wata gimbiyar Ife mai suna Adetutu Ademiluyi da Ben Enwonwu ya yi a 1974. Kwafinsa ya cika bangon gidaje a kudancin ƙasar nan tsawon shekaru, alhali ainihin zanen ya ɓace. A 2017 aka gano ɗaya daga cikin ukun da ya zana a wani gida a arewacin Landan. A watan Fabrairun 2018 gidan gwanjo na Bonhams ya sayar da shi a kan fam miliyan 1.2. Su kuma fostocin da ke rataye a gidajen mutane? Suna nan a matsayinsu na fosta. Hoton iri ɗaya ne a ido, amma ɗaya ya fito daga hannun mai shi, sauran kuma ba wanda ya san adadinsu.

Inda ake cin amana

To amma fa sa hannu ma yana iya zama banza. Salvador Dalí na ƙasar Sifaniya, ɗaya daga cikin mashahuran masu zane na ƙarni na 20, ya riƙa sa hannu a kan dubban fararen takardu da ba a buga komai a kansu ba. Daga baya 'yan kasuwa suka buga abin da suka ga dama a kai. Sakamakon haka, har yau masana na ɗari-ɗari da duk bugun da aka ce nasa ne. Idan mai suna kamar wannan ya zubar da darajar sa hannunsa, ina ga wani shafin Instagram da aka buɗe watan jiya?

Abu na biyu, bugu iri biyu ne. Akwai wanda tun asali don bugu aka yi shi, irin na Onobrakpeya. Akwai kuma wanda aka ɗauki hoton wani zane, ko aka zana a kwamfuta, aka fitar da shi da firinta mai fesa tawada. Na biyun ba laifi ba ne, kuma mafi yawan abin da matasanmu za su iya yi ke nan. Matsalarsa ɗaya: babu farantin da za a karce. Fayil ne a waya, ana iya buga dubu gobe da safe. Saboda haka a irin wannan bugu, ba abin da ke tsaye tsakaninka da asara sai gaskiyar mai zanen.

Masu bibiyar kirifto za su tuna guguwar NFT. A watan Maris na 2021 gidan gwanjo na Christie's ya sayar da aikin wani Ba'amurke da ake kira Beeple a kan dala miliyan 69. A shekarar ce kuma gidan ya sayar da ayyukan Osinachi, ɗan Najeriya daga Aba, wanda da manhajar Microsoft Word yake zanensa. Bayan ɗan lokaci kasuwar ta rushe, mutane da yawa suka wayi gari da hotunan da ba mai saye. Darasi biyu ke nan a wuri ɗaya. Kayan aiki ba su hana mai basira fitowa, kuma ƙarancin abu shi kaɗai ba ya sa shi daraja idan ba mai son sa.

Kafin ka tura kuɗi

Kada ka yi cinikin biri a sama. Idan wani ya tallata maka ƙidayayyen bugu, yi masa waɗannan tambayoyin, kuma ya amsa a rubuce:

Wa ya zana? Idan mai sayarwa ya kasa faɗin suna, ko ya ce "daga waje aka kawo", ka ɗauke shi a matsayin fosta, ka biya kuɗin fosta.

Guda nawa ne duka, har da na gwaji? Akwai masu dabarar buga 50 a babbar takarda, su sake buga wasu 50 a ƙarama, su ce ai wannan daban ne.

Nasa ne kuwa? Sa hoton a Google Lens. Sau da yawa za ka tarar daga Pinterest aka kwaso, ko kuma manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa shi cikin daƙiƙa goma. Mai zanen gaske zai iya nuna maka yadda aikin ya faro, daga zanen farko har ƙarshe.

Sa hannun na gaske ne? Karkata takardar a haske. Fensir yana ɗan ƙyalli kuma yana barin shaida a jikin takarda. Wanda inji ya buga tare da hoton a shafe yake, ba ya tashi.

A kan me aka buga? Ledar bana irin ta 'yan siyasa ba ta daɗewa. Takarda mai kauri, musamman wadda aka yi da auduga, ita ce ke kai shekaru.

Sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan zanen, lambarsa, girmansa, da ranar saye. Wani abu kuma, kada a ƙara maka kuɗi wai don lambarka 1/50 ce. A bugun firinta, na 1 da na 50 duk ɗaya suke.

Maganar da masu talla ba za su faɗa maka ba ita ce, yawancin irin waɗannan hotuna ba sa ƙara kuɗi. A Legas akwai gidajen gwanjo irin su Arthouse Contemporary, da baje kolin ART X Lagos da ake yi tun 2016, inda mai kaya zai iya samun mai saye. A yankinmu babu wannan kasuwar tukuna. Don haka kada ka taɓa kuɗin rajistar makaranta ko jarin sana'arka. Sayi abin da za ka ji daɗin kallonsa shekara goma ko da bai kawo maka sisi ba.

Kura da shan bugu

Yanzu bari mu juyo kan masu zanen kansu, domin su ne abin ya fi shafa. A Daura, Mai'aduwa, Sandamu, Zango da Baure, akwai matasa maza da mata masu haɗa zane a waya da PixelLab ko Canva, akwai masu fensir, akwai masu ɗaukar hoton hawan sallah da kyamarar aro. Kowa ya san yadda ake yi musu. Yaro zai kwana yana aiki, ya ɗora a Facebook, ya samu layik ɗari biyar da "Allah ya ƙara basira." Bayan sati biyu sai ya ga aikinsa a jikin kalanda ko bayan Keke Napep, an yanke sunansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Doka tana bayanka, ɗan uwa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi cewa zane mallakin mai shi ne tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa. Hoton kyamara kuma shekara 50 ne. Ba sai ka yi rajista haƙƙin zai zama naka ba, kodayake ajiye shaida a wurin Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya na taimakawa ranar rigima. Kuma wanda ya sayi kwafi ɗaya a hannunka, kwafin ya saya, bai sayi izinin bugawa ba.

Ga lissafi a matsayin misali kawai. A ce ka zaɓi aikinka guda ɗaya mafi kyau, ka buga 30, ka sayar da kowanne naira 10,000. Naira 300,000 ke nan kafin a cire kuɗin bugu da na mota zuwa Kano ko Katsina. Ba zai sa ka kuɗance ba, amma ya fi layik. Kuma mutum 30 yanzu suna da sunanka a bangonsu.

Sharaɗin dai shi ne wanda muka faro da shi. Sayi littafi, rubuta lambar kowane kwafi da wanda ya saya da ranar. Kada ka ɗora cikakken fayil mai nauyi a intanet, ƙarami ya isa talla. Ka tsaya a gaban mai firinta har ya gama, ka tabbatar ya goge fayil ɗin. Sannan jarrabawa ta gaske tana zuwa ranar da 30 ɗin suka ƙare, wani alhaji ya kira ya ce a buga masa ɗaya, zai biya ninki uku. Ranar da ka buga na 31, ka cuci mutum 30 da suka yarda da kai, kuma a gari irin namu da kowa ya san kowa, labari ba ya kwana. Ba shi haƙuri, ka zana masa sabo.

Me za a zana, kuma yaya za a adana?

Akwai gidajen da ba a rataya hoton abu mai rai saboda fahimtar addini, kuma wannan abin girmamawa ne. Bai rufe ƙofa ba ko kaɗan. Ga zayyana, ga rubutun ajami, ga dagi, ga zankwayen soraye, ga adon sirdi da linzami. Ga ginin rijiyar Kusugu, ga hasumiyar Gobarau a Katsina, ga rumbunan gero bayan girbi, ga layin motocin kaya a hanyar Magarya, ga kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan dawakin Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. Daura na da nata hawan, har da na Sallar Gani, kuma 'yan asalin masarautar da ke zaune a Abuja, Legas, Yamai ko Jidda suna kewar gida. Su ne kasuwarka ta farko. Sai dai idan fuskar wani ta fito sosai a hotonka, musamman mace ko yaro, nemi izini kafin ka mayar da ita haja.

Shi kuma mai saye, ya sani cewa yanayinmu ba ya raga wa takarda. Kada a rataya inda rana ke dukansa kai tsaye. A sa gilashi saboda ƙurar hunturu, amma a bar 'yar tazara kada takardar ta manne da gilashin. A nisanta shi da bangon da ke jiƙewa da damina, a riƙa duba bayan firam saboda gara. Kada a manna shi da gam ko salatif, kuma kada a kai shi leminetin. Leda ta rufe shi, darajarsa ta tafi, domin ba a iya cire ta ba tare da an ɓata takardar ba.

Gine-ginen ƙasa suna rushewa, bulo na maye gurbinsu. Magina masu iya ado a fuskar soro suna ƙarewa. Hotunan da muke ɗauka kuma suna cikin wayoyin da ke faɗawa ruwa, ko a sace, ko a yi musu filashin. Takardar da aka buga da kyau, mai suna da shekara a gindinta, tana iya kai wa jikoki. Idan kana da aboki ko ƙanwa mai zane, daina cewa "turo min a WhatsApp." Tambaye ta nawa ne, ka biya, ka miƙa mata fensir ta sa hannu.